Yadda Fara Ta Tsira Daga Kasuwar Shanu

A shekarun da gwamnati take kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja, ni yarinya ce a Tungan Maje. Manyan motoci suna wucewa ta hanyar Zuba ɗauke da kujeru da katifu, direbobi da leburori kuma suna tsayawa neman abin karin kumallo. Mamata ta kafa teburin shayi a bakin titi. Ranar farko ta zuba wa wani baƙo nonon kindirmo a shayi, don shi muka sani a gida. Nan take ya tsinke, ya yi gudaji-gudaji. Mutumin ya leƙa kofin ya ce, "Madam, wannan shayi ne ko miya?" Mama ta dawo gida tana kuka don kunya.

Muna da saniya guda, Fara, wadda Bappa Ja'e yake kiwata mana a rugarsu, matarsa tana kawo mana nono. Baba ya ce zamanin saniya ya wuce. Ran kasuwa zai sayar da ita, ya cika wa Mama tebur da madarar gwangwani. Ni da nake kai wa Fara dusa, tuwo ma ya ƙi shiga bakina.

Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta musu da ɗanta a gaban yara. Bayan cin tuwo ta tura doya cikin garwashi, muka kewaye ta don jin tatsuniya kamar kullum. Baba yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya, wai shi ba ya ji. Kaka da yaren Gbagyi ta tashi, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, mukan yi mata dariya ta kai mana duka da ludayi.

"Ga wata ta iso," in ji ta. "Wa zai ba shi wurin zama?"

Muka ce, "Ta zauna nan!"

Wai wani baƙo ne ya zo wani gari da nono a cikin tulun ƙarfe, nonon da ba ya tsami ko ya shekara. Mutane suka ɗanɗana suka ruɗe, suka kora shanunsu daji, suka ce sun huta da tatsa. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ɓoye saniyarta a bayan rumbu. Ana nan sai bikin girbi ya zo, ana son man shanu a miya. Suka zuba nonon baƙo a gora suka hau kaɗawa.

Kaka ta kama gora a iska tana jijjigawa, tana haki. "Maza ya kaɗa, mata ya kaɗa, har kafaɗa ya mutu. Mai fa? Ko na shafa wa leɓe babu!"

Suka dama fura da shi, ta fito salam, yara suka ture. Sai ga ƙanshin man shanu daga bukkar tsohuwa, gari duka ya bi hanci. Ba ta kore su ba, ba ta kuma zubar da nonon baƙo ba. Ta karɓe shi ta zuba a kunun safe, ya yi daɗi. Ta ce da su kowane nono da aikin da ya zo yi, wanda ya aike shi aikin wani, shi ne wawa.

"Nan ya tsaya, ni ma na tsaya," in ji Kaka, ta ɓare doya ta miƙa wa Baba ba ta ko dube shi ba.

Baba ya yi dariya har da tari. "Iya, ni ne mutanen garin ke nan?"

"Ni na kira sunan wani?"

Ran kasuwa ta zo ta wuce, Baba yana gona. Ni kuwa na ruga har ruga na rungume wuyan Fara. Mama ta sayi gwangwani kaɗan don shayin safe, da rana ta fito da fura da kindirmo mai sanyi. Mutumin nan da ya yi mata ba'a ya zama shi ne na farko a layi, yana cewa, "Madam, ƙara mini wannan yogot naku." Mama takan ce, "Oga, yau ba miya ba ce?"

Na daɗe ina ɗauka Kaka ta yi wa gwangwani kaye ne. Sai da na haifi ɗa wanda cikinsa ba ya karɓar nonon saniya, na tsaya a kanti a Kurudu riƙe da madarar waken suya ina jin kamar na ci amanarta, sannan na gane. Kaka ba ta ƙi sabon abu ba, ta dai hana a kori na gida don baƙo ya zo. Na sayi madarar hankalina kwance, yaron ya sha ya yi ɓul-ɓul.

Fara kuwa ta haifa mana maruƙa, ta tsufa har haƙoranta suka zube. A rugar Bappa ta mutu, a kan turkenta.