Shirun Buba na Urno

Ban taɓa mantawa da ranar da perezidan, wato shugabanmu, ya ce in cire Buba daga admin ba. Ni ne sakataren gurup ɗinmu na waya na cigiyar dabbobi, wanda ya haɗa Madawa, Buza da Keita. Aikin ba wuya: wanda dabbarsa ta ɓata sai ya gaya wa admin na yankinsa, shi kuma ya aiko da bokal, wato saƙon murya, ya faɗi kamanninta. Dokarmu ita ce admin ɗin da ya yi wata guda shiru, a sauke shi.

Buba kuwa makiyayi ne na Urno, kuma duk cikinmu babu mai bakinsa. In ya siffanta maka saniya, ko a cikin garke ka gan ta sai ka gane ta. Kwatsam, a daminar bara, ya yi tsit. Muna ganin yana buɗe saƙonni, amma ko tari babu.

Perezidan ya kira ni. "Sakatare, doka doka ce. Hidda shi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, danna waya ba wuya. Amma gobe duk Adar za a ji an tuɓe Buba. Bari in tahi in gane shi tukuna."

Ranar kasuwar Urno na hau moto, wato babur. Na same shi lafiya garau, wayarsa cike da caji. Bayan gaisuwa na ce, "Buba, rezo ne babu, waya ba ta kamawa, ko mun yi maka laihi?"

Ya sunkuyar da kai, ya miƙo mini wayar, ya nuna wata lamba cikin sababbin shiga. Sunan ma ya kasa faɗa. Da ƙyar ya ce, "Baban mai ɗakina ne. Ƙaƙa ni ka buɗe baki ina zuba, shi yana saurare?"

Dariya ta kusa kayar da ni daga kan benci. Ashe kunyar suruki ce ta rufe mana bakin Urno gaba ɗaya, kuma ni da hannuna na saka tsohon!

Na wuce wurin Malam Sambo, surukin nasa, na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har da hawaye. "Yaron ga! Ni don in ji shi nis shiga. Kowa na yabon bakinai, ni kaɗai ban taɓa ji ba. To hidda ni, ɗana, dabbobin mutane sun fi."

A gabansa na cire shi. Ban kai Madawa ba wayata ta yi ƙara: Buba ne, yana cigiyar wata jar karsana mai karyayyen ƙaho, muryar nan tangaram. Mutane suka yi ta aiko da barka da sauka kamar wanda ya dawo daga Makka. Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Ku masu tasowa a aikin nan, in admin ya yi shiru, kada ku yi saurin danna waya. Ku fara duba wanda ya shigo. Malam Sambo dai har yau kowace safiya yana zaune kusa da wayar maƙwabcinsa yana saurare. Buba ya sani sarai, amma tunda lambar ba ta ciki, bakinsa a buɗe yake.