Wanda Ya Sa Mana Fulogi

Za mu suna Darmanawa, ga kulolin abinci a baya, sai motarmu ta fara fizga a Gyaɗi-Gyaɗi kamar mai shaƙuwa. Da ƙyar maigidana, Baban Ilham, ya lallaɓa da ita garejin Malam Garba.

Malam Garba ya kunce fulogi ɗaya, ya jujjuya shi.

"Alhaji, wa ya sa maka wannan? Injin turbo zafi gare shi, ba ya ɗaukar kowane fulogi sai wanda kamfanin motar ya rubuta. Duba, har bakinsa ya ƙone."

Maigidan nawa, wanda ya wuni ranar Asabar da sifana a hannu yana canza fulogin motar, yana ce min ai shi ma ya iya, ya gyara hula ya ce, "Wani bakanike ne can Unguwa Uku."

"To wallahi ko keke kada ka sake ba shi."

Na leƙo ta taga na ce, "Malam, a yi masa a hankali, mai iyali ne. Na san matarsa, baiwar Allah mai haƙuri."

Aka canza fulogin, muka wuce gidan sunan yana ta hararata.

Jama'a, ku faɗi gaskiya, tona asiri na yi ko rufawa?