Goggon Bakin Ƙofa Ta Ajiye Tire

Kafin Kuku ya kunna wuta a kicin, Goggo ta riga ta iso gidan abincin. Da ƙafa take zuwa. Takan rataye mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta ɗaura rigar aiki, ta ɗauki tsumma da bokiti ta bi tebura tana gogewa har ƙafafun kujeru. In ta tarar da tebur yana rawa, sai ta naɗe guntun kwali ta cusa masa. Shekara da shekaru haka take, tun gashinta na baƙi har ya koma fari fat. A ƙarshen watan da ya wuce ta ajiye tirenta, kuma da mutuncinta ta ajiye shi. Saura ƙiris da ba haka ba.

Wanda bai taɓa ɗaukar tire ba, ya tsaya a gaya masa yadda abin yake. Akwai wasu marasa kunya da ke shiga gidan abinci su cika cikinsu, su sulale ba su biya ba. Wani ya kara waya a kunne kamar an kira shi, yana "alo, alo" har ya kai titi. Wani ya ce zai wanke hannu, ba za a sake ganin ƙeyarsa ba. A ransu mai gidan suka cuta, ai yana da shi. Ƙarya suke yi. Dokar gidan ita ce, ma'aikacin da ya kai abincin, a albashinsa za a cire. Yarinyar da ta yini a tsaye tana maka murmushi, ita ce za ta sayi kazar da ka ci, alhali ko ƙashinta ba ta taɓa ba.

Kowace safiya ana raba tebura tsakanin masu kai abinci, kuma kowa na ciki yake so, don mai niyyar gudu ba ya zama a lungu. Bakin ƙofa yake nema, inda taku kaɗan zai kai shi waje. Amma a gidan nan ba a taɓa jayayya a kan na ƙofa ba. Kullum Goggo ce ke riga kowa magana.

"Ku bar min na ƙofa, 'ya'yan nan. Tsohuwa sai da iska."

Sabbin shiga sukan yarda, har su yi mata dariya. Tsofaffin ma'aikata kuwa sun san ba iska ba ce. A shekarun baya akwai wata yarinya mai goyo da ke riƙe da teburan nan. Wata rana wasu samari suka ci suka ruga. Ta tuna abin da za a cire mata, ta bi su titi a guje da tire a hannu, mai babur ya kwashe ta. Ƙafa ta karye, aikin ya ƙare daga ranar. Goggo ce ta ɗaure mata ƙafar da ɗankwalinta. Washegari ta ce tana son iska, ta kuma kafa tata dokar: a gidan nan ba a bin kowa titi, ko da saniya ya ci.

Tana da dabarunta. Baƙo na zama za ta gaishe shi, ta tambayi mutanen gida, ta ce kamar ta san mahaifiyarsa. Da yawa daga nan kunya ke kama su. Amma wasu ba su da ita, kuma duk wanda ya tsere, albashin Goggo ke jin jiki. Ba don motsa jini take zuwa aiki da ƙafa ba. 'Yarta ta sha yi mata mita: "Inna, ke ce uwar kowa? Ki bari a riƙa juyawa mana." Sai ta ce, "Ni na gama aurar da ku. Waccan Gajerar ta wurin aikinmu, ƙannenta take biya wa makaranta. Ki bar ni."

Goggo, ke ce garkuwar ƙanana. Ke ce kika tsaya inda kowa ke kaucewa, kika kuma ɓoye shi da wasa don kada wani ya ji nauyin yi miki godiya.

Ana nan sai tsohon mai gidan ya kwanta rashin lafiya, ƙanensa ya karɓi ragama. Mutum ne mai zafin nama, ba mugu ba, amma kayan gyaran mota ya saba sayarwa, inda ba mai cinye kaya kafin ya biya. Bai daɗe ba ya lura da abu ɗaya: duk wanda ya ci ya gudu, daga teburin Goggo ya tashi. Ya kira ta gaban kantar karɓar kuɗi, ma'aikata na ji.

"Baba, abin nan biyu ne. Ko dai tsufa ya ci idonki, ko kuma da saninki ake yi, ana raba miki a waje. Ko wanne ne, ki ƙarasa satin nan ki huta."

Goggo ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Korar ba ta dame ta ba, dama tana shirin hutawa. Amma a ce bayan duk shekarun nan ta fita da sunan ɓarauniya, jikokinta su ji a unguwa? Duk da haka ba ta buɗe baki ba. Ta san in ta faɗi dalili, gobe za a raba wa yaran teburan ƙofa, wata kuma ta sake bin wani titi.

Kuku ne ya kasa haƙuri. Shi da Goggo kullum cikin tsiya suke, tana ce masa Tulu, yana ce mata Amaryata. Ya fito da ludayi a hannu, gumi na zuba.

"Maigida, ba Amaryata ce ke sata ba, ƙofar ce."

"Ƙofa tana da ciki ne? Tebur ai tebur ne. Mai ido ba a yi masa haka."

Gajera ta ce, "To ranka ya daɗe, a gwada mai idon mana."

Maigida ya dube ta, ya dubi sauran, ya miƙa hannu ya ce a ba shi rigar aiki. Yau da rana shi zai riƙe ƙofa, su koyi yadda ake yi.

Gaskiya ya yi ƙoƙari. Yana kai faranti yana zare ido kamar mai gadin banki. Can sai ga wani dattijo cikin shiga ta alfarma, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya ci kifi, ya ƙara da nama, ya sha lemo mai sanyi, ya yaba wa Maigida cewa bai taɓa ganin mai gida da kansa yana hidima ba, irin wannan tawali'u sai a yi ta addu'a. Maigida har da sunkuyar da kai. Sai dattijon ya leƙa waje ya ce, "Af, na tare wa wani hanya da motata. Ga gidan tabarauna nan, yanzu zan dawo."

Goggo na gefe tana goge cokula. Maigida ya tsaya yana gadin gidan tabarau. Shiru, shiru. Da ya gaji ya buɗe, babu komai ciki sai tsinken sakace. Ya ɗaga kai, ya hango babbar rigar can tsallaken titi tana sauri, ba mota ba dalilinta. Ya yi wurgi da tire ya zabura. Ƙafarsa ɗaya ta sauka a kwalta ke nan Goggo ta cafko wuyan rigarsa ta baya, ta fizgo shi da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi. Motar haya ta wuce fuu, iskarta ta kaɗa masa riga.

"A gidan nan ba a bin kowa titi," in ji ta. "Ko kai ne."

Ya zauna a kan dakali yana haki. Kuku ya leƙo ta tagar kicin.

"Maigida, sannu da aiki. To a albashin wa za a cire?"

Gajera ce ta fara tuntsirewa da dariya, saura suka bi, har shi Maigidan. Da dariyar ta lafa, Kuku ya ba shi labarin mai goyon nan da na iskar da Goggo take so. Mutumin nan, a yaba masa, bai tsaya kare kansa ba. A gaban waɗanda suka ji zargin ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi miki ƙazafi. Ki yafe min." A ranar ya soke dokar cire albashi. Kafin sati ya fita ya kira kafinta aka ɗauko kantar karɓar kuɗi daga lungu aka kafa a bakin ƙofa, duk mai fita sai ya bi ta gaban mai karɓar kuɗi. Goggo ta ce ita dai sai a ranar ta yi barci har da munshari. Ta ƙara wata biyu don ranta ya so, sannan ta tafi da ƙafarta, yaran na rungume ta suna kuka, Kuku na cewa ya zama gwauro.

Goggo, mun gode. Allah ya huta da gajiyarki, ya sa jikokinki su yi miki abin da kika yi wa 'ya'yan wasu. Ku manyan ma'aikata a ko'ina, ku duba inda ya fi ciwo a wurin aikinku, ku daina tura ƙanana can. Ku masu gidajen abinci, kada ku jira sai an fizgo ku daga bakin mota kafin ku gyara dokarku. Kai kuma mai ci ka sulale, in yunwa ce ta kawo ka, buɗe baki ka faɗa, ba a rasa mai ba ka. In kuwa iskanci ne, ka sani ba mai gida ka cuta ba. Uwar wani ce ta tafi gida da ƙafa saboda kai.