Ranar Da Na Zauna A Bencin Baba

Shekara sittin ke nan da muka rasa mahaifina a Hadejia, a daminar ƙarshe kafin Turawa su tattara nasu-ya-nasu su tafi. Allah ya jiƙansa. Gari ya san shi da Malam Ilu Mai Hoto. Ni da nake 'yarsa ta fari ban san shi sosai ba, saboda kunyar nan da iyayenmu ke yi wa ɗan fari. Ba ya haɗa ido da ni. In zai aike ni, bango yake kallo ya ce, "A gaya wa yarinyar nan ta kawo buta."

Akwatin hotonsa mai ƙafa uku ne, da baƙin mayafi da yake cusa kansa a ciki kafin ya zura farantin gilashi ya ɗauka. Sauran masu sana'ar suna bin ofishin Di'o, Baturen mulki, da zaurukan attajirai. Shi kuwa ranar kasuwa sai ya ɗaure akwatin a bayan jaki ya nufi Kaugama ko bakin kogi. Masunci da jiƙaƙƙen wando, Bafulatana da ƙwaryar nono, tsohuwa mai bandar kifi, duk sai ya lallashe su su zauna masa a benci. Da yawa ba sa ma dawowa karɓa.

Inna takan yi mita. "Malam, mutanen da ko sunansu ba ka sani ba, miya za mu yi da fuskokinsu?"

Sai ya ce, "Bature yana da masu kallonsa, attajiri ma haka. Bawan Allahn nan tun asuba yake cikin ruwa, wa ya taɓa tsayawa ya dube shi? Shi ma fa Ubangiji ne ya tsara masa fuskar nan."

Ina bayan zana ina ji, abin yana ci mini rai. Ashe kowa ya isa a dube shi, ban da ni?

Yau jikokina sai su ɗaga waya su ɗauke ni sau goma ina tankaɗe, ba wanda ya kalle ni da idonsa. Nakan ce, da a ce Baba yana nan, ko dariya zai yi ko tausayi za su ba shi? Shi da sai ya tambayi mutum lafiyar shanunsa, ya jira kafaɗunsa su sauka, sannan ya taɓa akwati.

Da na dawo hutu daga makarantar 'yan mata, wata ranar kasuwa na ari gyalen Inna na bi layi bayan masunta. Da layi ya zo kaina na zauna. Ya gane ni, babu shakka. Ya gyara hula, ya yi mini magana yadda yake yi wa baƙi: "Baiwar Allah, ɗago kai kaɗan."

Ya shiga ƙarƙashin mayafin, ya daɗe bai fito ba, har wani masunci ya ce, "Malam, ko barci ya ɗauke ka ne a ciki?" Aka yi dariya. Ni dai ina kallon idon akwatin, na san yana can bayansa. Da ya fito, sai ya juya baya yana goge fuska da hannun riga, ya ce, "Hasken yau bai yi ba. A dawo kasuwa mai zuwa."

Rana ce tarwai ranar. Kuma na ga farantin gilashin yana nan a jakarsa, ko zura shi bai yi ba.

Kafin kasuwa ta zagayo hutu ya ƙare, aka mayar da ni makaranta. Ruwa ya sauka, kogi ya cika ya malale fadama, hanya ta yanke. Zazzaɓi ya kwantar da Baba. Kafin labari ya ƙetare ruwan ya iske ni, har an yi sadakar bakwai.

Hotunan baƙin suna nan cikin adakata, sun fara ja, wasu gara ta taɓa. Ban san kowa a cikinsu ba, amma ina sa su a addu'a tare da shi, don na san kowannensu an taɓa tsayawa an dube shi da mutunci. Nawa babu a ciki. In yara suka tambaye ni ko kakansu ya taɓa ɗaukata hoto, sai in ce musu a'a, bai ɗauka ba. Kallona ya yi.