Keken da Na Ɗaure a Gindin Tsamiya

Shekarun baya, daminar da aka toshe kogin Kwara da madatsar ruwa a Kainji, na ɗaure kekena a gindin wata tsamiya, na sa masa kwaɗo, na goya mahaifiyata na haye rafi da ita. Keken yana can har yau. Makullin yana aljihuna.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Hanya na sani. Shekarar da aka samu mulkin kai na sayi keken, baƙi mai sanda. Da shi nake kwasar bandar kifi da albasa daga ƙauyukan bakin ruwa na ƙasar Ngaski in kai kasuwar Yelwa, wani lokaci in zarce har Shanga. Ba titi ba ne. 'Yar hanya ce da ƙafa ta fitar, tana bin gaɓa, ta ratsa fadama, ta hau tudu, ta gangara mashigi. Na san inda yashi ke kama taya, na san inda dorina ke fitowa kiwo. Ni ba mazauni ba ne. In na kwana biyu a gida, ƙafata ta fara ƙaiƙayi.

Ruwa ma mun san shi, a ganinmu. Da damina farin ruwa ya zo da lakarsa. Da sanyi baƙin ruwa ya zo garau. Duka daga arewa suke gangarowa, su cika, su ja. Haka kakanni suka gani. Da ma'aikata suka zo suna kafa turaku masu jan fenti can bisa tudu, wai nan ruwa zai kawo, dariya muka yi. Ni da kaina na ɗaure akuya a jikin ɗaya.

Aka kwashe mu duk da haka, aka kai mu sabon gari, gidajen siminti a jere kamar an auna da igiya. Inna ta daina cin abincin kirki. Kullum tana bakin ƙofa, fuskarta na kallon tsohon gari.

Ni ne ɗan farinta. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wannan" take ce mini, kuma ba ta kallona in tana magana.

Wata safiya ta ce, "Kai wannan, gobe ka kai ni gida."

Na ce, "Inna, ai nan ne gida."

"Wanga tanderu? An kwashe masu rai, an bar mini yara."

Ƙannena uku take nufi. Sun rasu suna jarirai, an binne su a bayan ɗakinta. Na ƙara wa taya iska, na naɗe zane a kariyar bayan keke don ta samu taushi.

A hanya muka tarar da abokina, masunci ne, yana ɗinkin taru a ƙarƙashin giginya. Ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya ja ni gefe.

"Sarkin yawo, ina za ka da tsohuwa?"

"Tsohon gari. Yau mu je, yau mu dawo."

"To ka dubi rafin nan da kyau. Kwana uku ke nan yana tafiya da baya."

"Kifi ya ƙare ka koma kamun ƙarya? Ina ka taɓa ganin ruwa ya hau tudu?"

"Jefa kara ka gani."

Ban jefa ba. Rafi ɗaya ne tsakanin hanya da tsohon gari, na haye shi ya fi a ƙirga. Ran nan ruwan ya kawo mini gwiwa. Inna ta tattare zane ta taka da kanta, ni na tura keke.

Garin ba kowa. An cire ƙyamare, an kwashe jinka. Inna ta samo tsohuwar tsintsiya ta share tsakar gida tas, kamar ana jiran baƙi. Sannan ta zagaya bayan ɗaki ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Magana take yi ƙasa-ƙasa, ban matsa na ji ba.

La'asar ta yi na ce mu tafi. Ta ce gobe. Gobe ta yi, ta ce gobe. Garin rogo da ƙuli muke jiƙawa.

Ni kuwa na kasa zama. In goge keke, in zagaya gari, in dawo. Ɓeraye sun cika rumbunan da aka bari, na ga maciji a kan katanga da rana tsaka. Sau biyar a yini nake zuwa bakin Kwara in dubi arewa. Can ake karanta ruwa. In cikowa na tafe za ka ga kumfa, da ciyawa, da itace suna gangarowa. Ban ga kome ba. Kogi ya yi luf, ko gudu ba ya yi. Sai na ce lafiya lau. Ban taɓa juyawa na dubi kudu ba.

Rana ta uku da hantsi ta ajiye tsintsiya ta ce, "Mu je."

Muka iso rafi, babu mashigi. Dutsen da mata ke wanki a kai ya ɓace. Faɗin ruwan ya ninka uku. Na karya kara na jefa. Ya juya a hankali, ya nufi cikin daji, ya bar Kwara a bayansa. Ashe ta baya ruwan yake shigowa, ba kumfa, ba ƙara. Garin ya fara zama tsibiri, kuma jiragen ruwa duk sun bi masu su sabon gari.

Na gwada zurfin da sanda. Ƙirji. Gobe zai fi haka. Inna gajera ce, ba ta iya iyo ba.

Na ja keke gindin tsamiya, na zagaya masa sarƙa, na danna kwaɗo. Garin da ko kaza babu, ni ina tsoron ɓarawo. Sannan na durƙusa a gabanta.

"Inna, hau."

"Ni za ka goya? Ni da na goya ka? Tashi, kada wani ya gani."

"Wa zai gani? Ɓeraye?"

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta hau. Ba ta kai nauyin kwandon albasa ba.

Na shiga. Cinya, ƙugu, ƙirji. Ƙafata na laluben hanyar da na sani, amma laka ta rufe ta. A tsakiya na taka rami. Muka nutse gaba ɗaya. Na sha ruwa, ban sake ta ba. Na taso, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, na sake komawa. Da na taso na biyu, hannunta na shaƙe da wuyana, bakinta a kunnena, sai na ji ta kira sunana. Da ƙarfi. Sau biyu.

Ban san yadda na samu ƙasa ba. Na dai samu.

A gaɓa ta sauka, ta matse zane, ta gyara ɗankwali. Ta dubi wani wuri daban ta ce, "Kai wannan, ka bar kekenka."

Na ce, "In ruwa ya ja zan ɗauko."

Har a lokacin ban yi hankali ba. Zazzaɓi ya kama ta, na zauna jinya, ina cewa ai ruwa ja yake yi. Sai bayan mako biyu abokina ya kai ni da jirginsa. Kawunan itatuwa kawai muka gani, mun kasa gane wacce ce tsamiyar. Bai ce ya gaya mini ba. Kara ya karya a gefen jirgi ya miƙo mini, ya ci gaba da tuƙi.

Inna ta warke, ta koma cin tuwo, ta ƙara shekara tara. Ba ta sake neman tsohon gari ba, ba ta sake kiran sunana ba. Ni ma ban taɓa tuna mata ba.

Abin da na koya kaɗan ne. Sanin hanya ya sa na ƙi jefa kara ɗaya, ya kusa cinye mini uwa. Keken ya yi mini ciwo shekaru. Yanzu in na auna abin da na bari da abin da na ji a tsakiyar rafin nan, ba na cewa na yi asara.

Na sake yin keke, na koyi sababbin hanyoyin bakin tafkin Kainji. Duk shekara in ruwa ya ja baya nakan bi gaɓa ina leƙe, ban taɓa ganin tsamiyar ba. Yanzu ina zaune a garin Wara, gwiwa ta ƙi feda. Ina zaune inda nake hango ruwa, makulli a aljihu.