Gilashin Gaban Motata

Shekarar da aka hana hawa babur a Maiduguri na koyi tuƙi, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Maigidana ya rasu ya bar tsohuwar mota a ƙofar gidanmu na Abbaganaram, ni kuma ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yanmata can ƙarshen gari. Na gaji da tsayuwa a titi ina jiran keke napep, sai na ɗauki makulli.

Kullum da safe nakan ɗauki maƙwabciyata, ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar kudancin Borno. Sista muke ce mata. In sauke ta a asibiti, in wuce.

Wata safiya muna cikin cunkoso kusa da kasuwa, tana ba ni labarin ɗanta da ya ƙi jinin miyar kuka, sai bam ya tashi a gabanmu. Motar ta girgiza, kunnuwana suka toshe. Gilasan gefe suka zube mana a cinya kamar tsakuwa. Na gaba kuwa ya tsattsage kaf, ya lotso ciki, amma bai zube ba. Wani guntun ƙarfe ya cake a jikinsa, daidai saitin fuskar Sista, ya tsaya nan.

Ta dubi ƙarfen, ta dube ni.

"Malama, kina da rai?"

"Ina da shi."

"To buɗe min ta wajenki, ƙofata ta ƙi."

Ta fita, ta yayyaga ɗankwalinta tana ɗaure wa mutane raunuka. Muka cika bayan mota da waɗanda suka jikkata. Sai da na leƙo da kaina ta taga na tuƙa mu har asibiti, don ba a ganin komai ta gaba.

Da yamma yayana ya kira daga Kano.

"Ki kwaso 'ya'yanki ki taho gobe."

"Yaya, gobe ina da aji."

"Ai saboda makarantar ake farautarku."

"Shi ya sa zan je. In suna so a rufe ta, su zo su rufe da hannunsu. Ba ni zan rufe musu ba."

Ya kashe waya, ya daɗe bai sake nemana ba.

Da mai gyara a unguwar Galtimari ya cire tsohon gilashin zai jefar, na ce ya shimfiɗa min shi a kujerar baya. Na kai shi aji, na ɗora a tebur da ƙarfen a jikinsa. Na ce yarinyar da ke gaba ta lanƙwasa gefensa. Ya lanƙwasu kamar tabarma.

Na nuna musu cewa falle biyu ne na gilashi, da siririyar roba manne a tsakani, ita ke riƙe ɓaraguzan. Na gaya musu wani masanin sinadarai ne a Faransa ya ƙirƙiro shi. An ce kwalba ce ta suɓuce masa, ta fashe amma ba ta tarwatse ba, saboda wani ruwan roba da ya bushe a cikinta. Sai ya tuna da mutanen da gilashi ke yankawa a haɗarin mota.

"Malama, yana tare harsashi?" in ji wata daga baya.

"Ba ya tarewa. Ba zan yi muku ƙarya ba."

"To shi mutumin, ya san za a yi irin wannan a garinmu?"

"Bai sani ba. Karatunsa kawai ya yi. Ku buɗe littafi."

Daga baya gwamnati ta rufe makarantu, aka zuba 'yan gudun hijira a azuzuwanmu. Na aika wa iyaye cewa tsakar gidana na da faɗi. Wasu suka hana, ban ga laifinsu ba. Sauran 'yanmatan suka riƙa zuwa bayan azahar cikin kayan gida, littattafai a ƙasan kwando, an rufe da alayyahu. Da gawayi muke rubutu a bangon kicin.