Na Je Fagam Roƙon Kashin Shanu

Daga Unguwar Ya

Ana idar da sallar asuba na fito. Baba ya rako ni har bakin gona, inda dawarmu ta yi rawaya, ko ƙugu ba ta kai ba, ga damina ta ƙare.

"Ka je Fagam ka ba Jauro haƙuri," in ji shi. "In shanunsa ba su kwana gonar nan da rani ba, baɗi sai mu ci ƙasa."

Jauro Bafulatani ne da ya saba sauka gonarmu bayan girbi, shanunsa su ci kara da 'ya'yan gawo, su bar mana taki. Da takin zamani ya zo, yayana ya sallame shi, ya sare gawon kaf don tarakta ta samu hanya. Sai ga fari. Takin kuma ya koma sai mai uwa a gindin murhu.

Birnin Kudu zuwa Gwaram

A akori-kura na zauna kusa da wani malamin gona, na ba shi labari.

"Yunwar sinadarin naitirojin ce ke damun dawarku," in ji shi. "Iska cike take da shi, amma dawa ba ta iya ɗaukarsa daga can. Wake da gyaɗa da gawo ke kamo shi, da taimakon wasu ƙananan halittu a saiwarsu. Saniya ta ci ta yi nama da nono, sauran ta mayar wa ƙasa. Gawo nawa gare ku?"

Na juya na kalli titi, kunya ta ishe ni.

A Gwaram na kwana zauren abokin Baba. Tuwon dusa aka kawo, yana ta ba ni haƙuri.

Fagam

Da ƙafa na ƙarasa, ina tsallake ƙasusuwan dabbobi. Na tarar da Jauro zaune a rugar da babu kukan maraƙi. Na durƙusa na isar da saƙo. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

"Shanu? Ga su can." Ya nuna fatu a shanye. "Ta ƙarshe shekaranjiya ta kwanta."

Ya tashi ya tsinto busasshen kashinta ya zuba min a buhu.

"'Ya'yan gawo na yi ta kaɗo mata. Ƙwayar ta fi saurin tsirowa in ta bi ta cikin dabba. Ka gaishe da Malam babanka."

Gida

Direba ya tambayi abin da na rungume haka kamar zinariya. Na ƙara ƙanƙame buhuna.

Na iso lafiya, na gode Allah. Baba ya buɗe buhun, ya murtsuke kashin a tafinsa, ƙwayoyin suka fito. Ya daɗe yana kallonsu.

"Allah ya saka wa Jauro," ya ce. "Kai wa yayanka ya adana har ruwa ya sauka. Shi zai shuka da hannunsa. Ni ba zan ga inuwarsu ba."